Rijiya Gaba Dubu

Mahaifina mahaƙin rijiya ne. Ya yi shekara 40 da ɗoriya yana shiga cikin ƙasa da dagi da kwando, a ƙauyenmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu a ƙasar Daura, har ƙarfi ya ƙare, gwiwoyi suka ƙi. Ni kuwa Allah ya ajiye abincina a bakin allo, ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare. Ban taɓa ganin wata mahaɗa tsakanin sana'arsa da tawa ba, sai ranar da kalma guda ta Turanci ta zaunar da mu a kan tabarma ɗaya. Kalmar ita ce "abyss", ana furta ta abis, a danna gaɓar ƙarshe.

A wani darasin karatu muka ci karo da ita ni da ɗalibaina 'yan aji biyar. Wani yaro da ke zama a layin baya, kusa da taga, ya ɗaga hannu ya tambayi ma'anarta. Ban tsaya dogon tunani ba, na ce rami ne marar ƙarshe, na rubuta a allo, suka kwafa, muka wuce. Da na je gida hutun mako, muna hira bayan sallar isha'i, na ba Baba labarin, don na san duk zancen da ya shafi rami nasa ne. Ya yi shiru kamar bai ji ba, can ya ce, "Wa ya shiga ya dawo ya ce babu ƙarshe?" Na ce ai magana ce kawai ta Turawa. Ya ce, "To, ka gaya musu igiyarsu ce ta gaza. Ni dai ban taɓa sauka inda ƙafata ba ta taka ƙasa ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na koma kan littattafai ina bin asalin kalmar, kamar mai bin sawun ɓatacciyar akuya, kuma abin da na tarar ya fi abin da na fita nema.

Kalmar baƙuwa ce a Turanci. Daga Girkanci ta taso, inda aka haɗa ƙaramin harafin korewa da kalmar da ke nufin ƙasan teku, aka sami "abyssos", wato abin da ba shi da ƙasa. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, malaman Yahudawa da ke birnin Iskandariyya na Masar suka fassara Attaura daga Ibrananci zuwa Girkanci, suka ɗauki wannan kalma suka sa wa ruwan nan mai zurfi da duhu da aka ambata a farkon labarin halitta. A littafin ƙarshe na Sabon Alkawari kuma ta zama sunan ramin da ake kulle mugayen ruhohi a ciki. Daga nan ta shiga harshen Latin, daga Latin ta ƙetara Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 14. Ke nan tun kafin ta zama kalmar 'yan jarida, kalmar masu wa'azi ce, kuma har yau ƙanshin tsoron Lahira bai sake ta ba. Duk wanda ya taso yana jin malamai suna lissafa sunayen wuta, su zo kan Hawiya, wadda asalin sunanta a Larabci faɗawa ne daga sama zuwa ƙasa, ya san irin sanyin da kalma irin wannan ke sa wa jiki.

Turanci yana da kalmomin rami da yawa, kowace da aikinta. "Pit" rami ne da ake iya haƙawa a kuma cike shi. "Gorge" kwazazzabo ne da ruwa ya yanka tsakanin duwatsu. "Chasm" tsaga ce da ta wage baki, kuma asalinta a Girkanci hamma ne. Idan Bature ya ambace ta, hankalinsa yana kan tazarar da ke tsakanin wannan gefe da wancan, shi ya sa yake aron ta idan zai yi zancen ratar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka. Ita kuwa "abyss" ba ruwanta da gefe. Ƙasa take kallo. Ana faɗa mata, ana leƙa ta, ana tsayawa a bakinta, ba kasafai ake jin an ƙetare ta ba, kuma da wuya a ji jam'inta, kamar dai guda ɗaya ce tak a duniya kowa yake tarar da ita a nasa lokacin.

Da tafiya ta yi tafiya, sai kalmar ta bar littattafan addini ta shiga rayuwar yau da kullum. A 1902 marubucin nan na Amurka, Jack London, ya sa tsummokara ya shiga unguwannin talakawa na gabashin Landan ya zauna da su, ya kwana inda suke kwana. A 1903 ya fitar da littafinsa The People of the Abyss, wato mutanen wannan rami. A wurinsa talauci ne ramin, kuma a tsakiyar birnin da ya fi kowane arziki a zamanin aka haƙa shi. Haka masu sharhi suke cewa ƙasa kaza tana bakin "abyss" idan yaƙi ko durƙushewar tattalin arziki ya ƙarato. Kalmar ta kuma haifi 'ya'ya biyu da suka raba gari. "Abysmal", wadda ta biyo ta tsohon Faransanci, ta zubar da girmanta, yanzu ba ta nufin komai sai abin da ya lalace matuƙa. Ita ce jaridunmu na Turanci ke liƙa wa sakamakon jarrabawa ko wasan ƙungiyar ƙwallon da ta sha kashi. "Abyssal" kuwa ta tafi wurin masana teku, kuma a wurinsu ne na sami abin da ya gaskata Baba.

A 1843 wani masanin halittu na Birtaniya, Edward Forbes, bayan ya yi ta jan raga a tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya, ya yanke cewa babu wani mai rai a ƙasa da gaba 300, kimanin mita 550. Mutane da yawa suka karɓa, domin ya dace da abin da kalmar ta daɗe tana raɗa musu. Sai a watan Disamba na 1872 jirgin ruwan Challenger ya tashi daga Ingila, ya yi shekara uku da rabi yana kewaya tekunan duniya, yana sakin igiya da nauyi a bakinta. Ya dawo a 1876 da nau'o'in halittu fiye da 4,000 da masana ba su san da su ba, da yawansu daga wuraren da aka ce kufai ne. A watan Maris na 1875, kusa da tsibiran Mariana a tekun Fasifik, igiyarsu ta yi ta tafiya har gaba 4,475, wato mita 8,184, sannan ta tsaya. Ta taɓa ƙasa. Ranar 23 ga Janairu, 1960, mutum biyu, Jacques Piccard ɗan ƙasar Suwizalan da Don Walsh hafsan sojan ruwan Amurka, suka shiga wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Trieste, suka yi kusan awa biyar suna sauka a wannan yanki, har suka dira a wuri mafi zurfi da aka sani a doron duniya, kimanin mita 10,900. Minti 20 suka yi a can suka hauro.

Yau idan masanin teku ya ce "abyssal", wani sashe yake nufi mai iyaka sama da ƙasa, daga wajen mita 3,000 ko 4,000 zuwa 6,000, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, ruwan kuma sanyi ƙalau. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, ƙasan wannan sashe yana cikin wuraren da suka fi ko'ina shimfiɗa a duniya, fili ne fetal, har suna kiransa filin "abyss". Marar ƙasa ya zama sunan ƙasa.

Akwai kuma wani abu da ya faranta mini rai. Ma'aunin da matuƙan Ingila ke auna zurfi da shi, "fathom", asalinsa a tsohon Turanci buɗe hannuwa biyu ne, daga yatsan wannan zuwa yatsan wancan, ƙafa shida. Shi ne gaba ɗinmu, wanda na taso ina ganin Baba yana auna igiya da shi, yana miƙa ta a ƙirjinsa yana ƙirgawa. Kuma Bature ya mai da wannan kalma aikatau mai nufin fahimta: idan ya ce ya kasa "fathom" wani al'amari, igiyar hankalinsa ce ba ta taɓa ƙasansa ba. Bahaushe shi ma yana cewa wane yana da zurfin ciki, ko wance ta yi zurfi a karatu. Amma da ya tashi kwatanta ramin da ya fi kowane ban tsoro, sai ya ce rijiya gaba dubu. Ya zuzuta, amma ya sa adadi. Na ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa mu mutanen tudu, masu shan ruwan guga, mun fi masu teku sanin gaskiya: kowane rami da iyakarsa.

Da wannan guzuri na koma aji, ina jin kaina. Na ba su labarin Forbes da Challenger, na gaya musu abin da mahaifina ya ce, na kammala da cewa kalmar ƙarya ce mai daɗin ji, duk inda aka ce babu ƙasa an je an tarar da ƙasa. Na gargaɗe su da kada su riƙa cusa manyan kalmomi a rubutunsu don burge mai duba takarda, domin na san halin ɗalibanmu, yaro zai haddace kalma mai nauyi ya yi ta neman inda zai sauke ta.

Bayan mako uku na ba su aikin insha'i a kan yadda suka yi hutun da ya wuce. Yawancinsu suka rubuta zuwa gona da ziyarar kakanni. Yaron nan na kusa da taga ya rubuta rabin shafi kacal. Babu labarin tafiya a ciki, babu na biki. Ya ce hutun a gida ya yi shi, yana zama a zaure, kuma a jimlar ƙarshe ya rubuta cewa tun damina gidansu yana cikin "abyss". Na ɗauki jan biro na ja layi a ƙarƙashin kalmar, na rubuta a gefe cewa ta fi ƙarfin wurin, ya rage zuzutawa. Na ba shi maki 4 cikin 10. Na tuna har na ɗan ji haushi, ganin shi ne ya fara tambaya, shi ne kuma ya fara karya gargaɗin.

Na mayar musu da takardunsu ranar Alhamis. Ranar Litinin kujerarsa babu kowa. Haka Talata, haka Laraba. Sai da mako biyu suka cika na tambayi wanda suke zama tare. Yaron ya dube ni da mamaki, ya ce, "Malam, ba ka sani ba? Ai babansa aka ɗauke."

Mahaifin ɗan kasuwa ne mai bin kasuwannin ƙauye. 'Yan bindiga suka tare motarsu a hanya da damina, suka shige daji da su. Aka kira, aka faɗi kuɗi. Iyalin suka sayar da gona da shanun huɗa, dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka kai inda aka ce a kai. Wasu daga cikin waɗanda aka kama tare suka dawo. Shi bai dawo ba, kuma lambar da ake kira da ita ta daina shiga. Wani ya ce ya bar shi da rai, wani ya ce ya ji an ce ba shi da lafiya. Babu gawa, babu jana'iza, babu zaman makoki. Wata biyar ke nan lokacin da yaron ya rubuta mini rabin shafinsa.

A daren nan na kasa barci. Na ɗauko abin da na karanta ina juya shi, na ga inda na yi tuntuɓe. Duk mutanen da na kafa hujja da su, daga matuƙan Challenger har zuwa Piccard da Walsh, daga sama suka auna. Suna da jirgi a ƙarƙashin ƙafafunsu, da igiya a hannunsu, da ranar komawa gida. Wanda yake cikin faɗawa ba shi da ko ɗaya. Mutuwa ma, duk da ɗacinta, ƙasa ce: ana dira a kanta, a yi kuka, a yi sadakar uku da ta bakwai, a raba gado, a miƙe. Wannan yaro an hana shi ko da wannan. Kullum wayar uwarsa ta yi ƙara sai ya zabura, kullum kuma sai a ƙara sakinsa ƙasa. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ban taɓa ganin ɗalibi ya sa kalma a mazauninta kamar yadda ya sa wannan ba, ni kuwa na ja mata jan layi.

Da na je gida na faɗa wa Baba, ina sa ran zai yi mini faɗa, ko ya janye maganarsa ta farko. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Har yanzu ina nan a kan bakana, akwai ƙasa. Amma ka taɓa jin na ce na cikin rami ne ke ganinta?" Sannan ya tuna mini abin da na sha gani ina yaro ban ɗauke shi komai ba. Kafin ya shiga tsohuwar rijiya yasa, sai ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura ta a hankali. Idan ta mutu a hanya, iskar ciki ta ɓaci, babu mai sauka sai an kaɗa ta da ganye an jira. Idan kuma ya sauka, ba ya yarda kowa ya riƙe masa igiya sai wanda ya amince da shi, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: na sama kada ya yi shiru. Ya ce a gaba 20 bakin rijiya bai fi faifai ba, kuma abin da ke kashe zuciyar mahaƙi shi ne ya yi kira ya ji babu amsa. Ya ce, "Kai yaron nan kira ya yi. Ka tafi ka amsa."

Na je gidan ranar Asabar da hantsi. Na tarar da shi a zaure, inda ya ce yana zama. Na gaisa da mahaifiyarsa daga bakin ƙofa, na rasa abin da zan ce mata, domin gaisuwar ta'aziyya ba ta halatta ba, ta murna kuma babu dalilinta; harshenmu da yake da gaisuwar kowane hali, har ta wanda ya dawo daga kasuwa, bai tanadi ta wannan ba. Na ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki, Malam." Na zauna kusa da yaron na ce masa na zo ne in gyara makin da na ba shi, domin ni ne na yi kuskure. Bai ce komai ba. Na ciro takardar da na roƙi abokinsa ya nemo mini a cikin tebur ɗinsa, na soke abin da na rubuta a gabansa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Malam, ai ka ce ƙarya ce." Na ce na faɗa, kuma ban san abin da nake faɗa ba.

Ban ceto kowa ba. Abin da na iya kaɗan ne. Na riƙa zuwa duk Asabar da littattafai. Ni da wasu abokan aikina muka haɗa masa kuɗin jarrabawa. Bayan wata guda ya dawo aji, ya koma kujerarsa ta kusa da taga, ya gama makaranta a shekarar da ta biyo.

A cikin wannan zirga-zirga ne limamin unguwarsu ya nuna mini cewa malamanmu sun daɗe da sanin wannan rami. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace babu labari tana iya kai maganarta gaban alƙali. Idan aka yi cigiya aka rasa, sai a yanka mata shekara huɗu, bayan su ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan ta fita. Hukuncin bai ce an san abin da ya faru da mutumin ba. Ya dai shimfiɗa wa rayayyu wurin da za su taka, tun da ba za a bar su suna faɗawa har abada ba. Na ga hikimar wannan fiye da duk abin da na karanta a kan tekun Fasifik. Mahaifiyar yaron ba ta je gaban alƙali ba tukuna, kuma babu wanda ya matsa mata.

Har yanzu darasin nan yana cikin littafin da nake koyarwa, kuma kowace shekara sai an sami mai tambaya. Ina ba su asalin kalmar daga Girkanci, ina bambanta musu ita da 'yan'uwanta, ina ba su labarin igiyar da ta yi gaba 4,475 ta tsaya, domin gaskiya ne kuma ya kamata su sani. Sannan ina ƙara musu abin da ba ya cikin ƙamus: idan suka ji mutum ya faɗi wannan kalma a kan kansa, ko ya ce da Hausa ya faɗa rijiya gaba dubu, su ajiye gardamar ko akwai ƙasa ko babu, su tambaye shi abin da ya faru.

Baba ya rasu bara, bayan sallar layya. Mun san inda muka sa shi, mun san zurfin wurin, domin ni da ƙannena muka tsaya a kan haƙan. A cikin masu zuwa gaisuwa har da yaron nan, ya zama saurayi, yana karatu a kwalejin ilimi. Ya zauna tare da mu a kan tabarma har la'asar. Da zai tafi na raka shi bakin hanya, na tambaye shi ko an ji wani labari. Ya ce, "Babu tukuna, Malam." Na ce zan kira shi ranar Asabar, kuma na kira.